Kwaɗon Tsolo da Hannun Auta

Ƙanina ba ɓarawo ba ne. Da wannan zan fara, saboda har yau akwai masu wucewa ta ƙofar gidanmu suna nuna shi da baki. Mai taurin kai ne, na yarda. Mai zafin hannu ne, wannan ma na yarda, ni na goya shi, na fi kowa saninsa. Amma ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, kuma duk wanda ya ce ya ɗauka, ya zo ya maimaita a gabana.

A makarantar da muka yi aiki Kurma ake ce masa. Ni Auta nake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Kurmancin ma ba da shi aka haife shi ba. Babanmu mai gyaran wuta ne, mutum ne da hannunsa ke riga bakinsa magana. Wata rana ya dawo ya tarar Auta ya kwance masa rediyo, ya baje kayan cikinta a kan tabarma yana kallo. Bai tambaye shi komai ba. Mari ɗaya ya yi masa a kunnen hagu, yaron ya bugu da bango, jini ya biyo wuyansa. Ni na wanke jinin. Daga ranar kunnen nan ya mutu, bakin ma ya bi shi. Ya tashi ba ya son dogon zance, in ka dame shi da surutu sai ya juyo maka da mataccen kunnen. In kuwa ka matsa masa, to hannun babanmu ne a jikinsa.

Kwance-kwancen kaya dai bai fasa ba. Daga rediyo ya koma waya, daga waya ya koma kwamfuta, har ya yi kwas aka ɗauke shi a babbar makarantar garinmu, sashen masu kula da netwok. Aikin kwantiragi ne, irin wanda ake sabuntawa in an ga dama. Shi ne kaɗai abin da ya mallaka a duniya, da shi yake riƙe da matarsa da 'yarsa. Ni kuma ina da ɗan shagon hoton takardu a ƙarƙashin matakalar ginin ofisoshi. Kullum sai ya biyo ta wajena da tsani a kafaɗa, kebul naɗe a wuya, filayar matse kan kebul a aljihun baya. In ya zauna shan shayi sai ya riƙa matsa filayar nan yana saki, kamar mai jan carbi.

Makarantar kashi biyu ce. Wani kwazazzabo ne ya raba ta, da 'yar gadar ƙafa a kansa. Tsohon ɓangare shi ne na Auta. Sabon ɓangare, inda ɗakin karatu da gidajen kwanan ɗalibai suke, na wani ne da ake kira Tsolo, dogo siriri mai bakin tsiya. A ɓangaren Tsolo ne kuma aka ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen ɗalibai da tambayoyin jarrabawa.

Ni sakandare na tsaya, amma Auta ya taɓa yi mini bayanin aikin yadda na gane. Ya ce kowane gini kamar unguwa ne, kowace kwamfuta gida ce mai adireshinta. Saƙo a cikin unguwa ba ya ɓata. Amma in zai tsallaka wata unguwa, sai ya bi ta wajen mai nuna hanya, shi ne suke kira rauta. Kowane ɓangare da tasa rautar, a kulle cikin akwatin ƙarfe. Kuma rauta ba ta da wayon kanta, unguwar da ba a gaya mata ba, ba ta san da ita ba.

To ga inda tsiyar take. A sashen nan kowa kulle akwatinsa yake yi da kwaɗon kansa, kalmar sirrin rautarsa kuma a cikin kansa. Dalili kuwa, an taɓa yin wani dattijo a wajen, mutumin kirki, ya koya wa wani sabon zuwa komai, har inda kowane kebul ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Da lokacin sabunta kwantiragi ya zo, aka sallami dattijon aka riƙe sabon. Tun daga nan suka ɗauki darasi: wanda ya san cikin akwatinka, shi zai zauna a kujerarka. Daraktan sashen ya san da haka, ko a jikinsa. Shi dai ya buɗe kwamfutarsa ya ga tana aiki.

Duk da haka da can suna gaisawa. Abin da ya raba su kebul ɗin da ya tsallaka kwazazzabo ne. Ɓarayi sun sha yanke shi, ɗalibai su yi ta zama babu netwok suna tsinuwa. Wata rana aka sake yankewa, suka haɗu a bakin gada kowa da kayan aikinsa. Tsolo ya duba yankan ya ce, "Wannan yankan gwani ne. Ɓarawon titi ba ya yanka haka."

Auta ya ce, "Me kake nufi?"

"Au, yau kunnen ya ji? Na ɗauka sai na rubuta maka."

Kafin ya rufe baki Auta ya kai masa naushi. Suka kama juna suka gangara cikin kwazazzabon, suna birgima a kan duwatsu da fasassun kwalabe. Da masu gadi suka raba su, Tsolo na tofar da jini, haƙorinsa na gaba a tafin hannunsa, Auta kuma girarsa a tsage. Na yi masa faɗa ranar kamar in ari baki. Na ce, "Kai wane irin jaki ne? Magana ce fa ya faɗa, ba mashi ya soka maka ba." Ya juyo mini da kunnen hagu. Darakta ya ja musu kunne ya ce ya wuce. Bai wuce ba. Daga ranar Auta bai sake taka gadar nan ba, Tsolo ma bai tako ɓangarenmu ba. Shekaru suka shuɗe a haka, har ɗaliban da suka ga faɗan suka gama suka tafi, sababbin da ke kwana a can ba su ma san fuskar Auta ba.

Sai makaranta ta ce ta daina jarrabawar takarda, a kwamfuta za a riƙa yi. Aka gyara tsohon ɗakin cin abinci da ke ɓangarenmu, aka cika shi da kwamfutoci. Auta ya yi aikin nan kamar zai mutu. Shi ya ja kebul, shi ya matse kan kowane ɗaya da hannunsa har tafinsa ya yi kanta, ya ba zauren sababbin adireshi, ya gaya wa rautarsa. Rautar Tsolo kuwa ba wanda ya gaya mata, tunda mai ita ba a magana da shi.

Ranar farko 'yan ajin ƙarshe suka zauna, kwamfutoci suka kama, tambayoyi suka ƙi fitowa. Aka ce su dawo gobe. Suka dawo, haka. Aka sake ɗagawa. Yaran nan wasu sun riga sun ɗaure kayansu, wasu abincinsu ya ƙare, ga rana kamar ta fasa kai. Suka fara jifan tagogin zauren. A gaban shagona Darakta ya tare Auta, yana nuna shi da makullin mota.

"Kurma, juyo da mai jin. In aka tashi yau ba a yi jarrabawar nan ba, ka ajiye mini makullanka a kan tebur. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Amma matsalar tana iya zama daga can ɓangaren."

"Tsolo ya ce ɓangarensa lafiya lau. Zauren naka ne ko nasa? Ni kada ka kawo mini can da nan."

Ya shiga motarsa ya ja.

Na rufe shago na bi Auta zauren, don na ga idonsa ya fara canjawa. Ya zauna gaban wata kwamfuta yana aika abin da yake kira sallama, wato ɗan saƙon gwaji, ka aika ka ga ko za a amsa. Ya yi wa kwamfutar kusa sallama, ta amsa. Ya yi wa rautarsa, ta amsa. Ya yi wa saba, shiru. Ya tashi ya canja kebul, ya hau tsani ya leƙa silin ko ɓera ya ci wani abu, ya sauko da yanar gizo-gizo a gashinsa. Muka tafi ginin ofisoshi, ya aika wa saba sallama daga can, nan take ta amsa. Muka dawo zaure, shiru. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dafe kai.

Ya ce, "Yaya, sallamar tana isa. Amsar ce ba ta san hanyar dawowa ba. Rautar can ba ta san an yi sabuwar unguwa a nan ba."

"To me za a yi?"

"Layi ɗaya za a rubuta mata."

"Wa zai rubuta?"

Ya nuna wajen gada da haɓa.

Na ce, "Kan uban nan! Wato duk wannan bala'in, yara na jifa, Darakta na zare ido, saboda kai ba ka gaya wa Tsolo ba? Tashi ka je ka gaya masa."

"Ba zan je ba."

"To kira shi a waya."

"Ba ni da lambarsa."

"Ƙarya kake, Auta."

Ya juyo mini da kunnen hagu. Wallahi da a ce yana ƙarami ne, da na ɗauki takalmi. Na ce to ni zan je. Ya rubuta mini adireshin a bayan hannuna da biro, na ja ƙafafuna, ga ciwon gwiwa, na tsallaka gada. Na sami Tsolo a ofishinsa ya ɗora ƙafa a kan tebur yana sakace da tsinke.

"A'a, Yaya babba! Yau hoton takardu ya biyo mu har gida?"

Na miƙa masa bayan hannuna na gaya masa abin da Auta ya ce. Ya duba, na ga a idonsa ya gane sarai. Sai ya yi murmushi, giɓin nan ya bayyana.

"Kin ga nan?" Ya sa tsinken a giɓin. "Har yau iska ke shiga. Kunne na san ya mutu, amma ƙafa fa? Ya tako da kansa, ya tsaya a nan inda kike, ya ce Tsolo yi haƙuri. Kafin ya koma gada na gama masa."

"Haba ɗan nan, korarsa fa za a yi. Yana da iyali."

"Ni a bishiya nake kwana? Ki gaishe shi."

Na zage shi tas, ban rage komai ba, har da abin da bai kamata mace mai shekaruna ta faɗa ba. Yana ta dariya. Na dawo na gaya wa Auta yadda muka yi. Ban ɓoye ba, ban ƙara ba. Na ce, "Je ka ba shi haƙurin. Haƙuri ba ya cire wa mutum nama a jiki. In an gama jarrabawa ku ci gaba da haukanku."

Ya tashi ya rataya jakarsa. Ya bi ni shago, na ɗauka ruwa zai sha. Ina buɗe wa wata malama ƙofa, sai na ga ya zaro gudumar da nake gyara kantar shagon da ita, ya saka a jakarsa tare da kwamfutar hannu. Ya fita da sauri ya nufi gada. Na kira shi, na sake kira. Na bar malamar a tsaye na bi shi, amma ina ni ina saurinsa.

Abin da ya faru kafin in isa, wata mai shara ce ta ba ni labari, tana wajen da bokitinta. Akwatin Tsolo yana cikin wani ɗan lungu a bayan ɗakin karatu. Auta ya zo ya ɗora guduma a kan kwaɗon, ya buɗe. Da yake ba shi da kalmar sirri, sai ya kashe rautar don ya shiga ta wata hanya da masu aikin suka sani. Yana kashe ta, netwok ɗin sabon ɓangare ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaliban da ke zaune a barandar ɗakin karatu suna jiran a kira su jarrabawa suka fara ɗaga wayoyi sama suna tsaki. Tsolo ya fito a guje ya nufi lungun, ya ga kwaɗonsa a ƙasa, ya ga mutum durƙushe ya zura hannu cikin akwatinsa. Ya san ko waye. Mai sharar ta rantse mini ya sani, don sai da ya tsaya ya kalle shi. Sannan ya juya wajen baranda ya buɗe baki.

"Ɓarawo! Ga ɓarawon kebul!"

Auta ya ba bakin lungun baya, kunnen hagu ne wajen mutane, ga fankokin akwatin suna ƙara. Bai ji komai ba. Bai sa rigar ma'aikata ba, don kullum cewa yake tana sa shi zufa. Yaran kuma ba su san shi ba. Abin da suka gani shi ne baƙon mutum, da guduma, da fasasshen kwaɗo, ga netwok ya ɗauke. Na farkon da ya iso bai tsaya tambaya ba, ƙofar ƙarfen akwatin ya tura da ƙafa iya ƙarfinsa, hannun daman Auta yana ciki. Mai sharar ta ce ta ji ƙarar ƙashin daga inda take. Ya sake bugawa. Sannan suka jawo shi ta wuyan riga zuwa fili.

Ina kan gada na ji ihun. Na san irin ihun nan, ba na murna ba ne. Na cire takalma na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Da na iso ban ga Auta ba, bayan mutane kawai nake gani, da hannaye suna tashi suna sauka. Wani da bel, wani da ƙafar kujera, wata yarinya da gilashinta da jakar littattafai tana jifa da dutse tana cewa, "Ku kashe shi! Shi ya hana mu jarrabawa!" Waɗannan fa su ne masu ilimin, 'ya'yan mutane, waɗanda nake yi wa hoton takardu suna ce mini Mama.

Na kutsa ina cewa, "Ma'aikaci ne! Ƙanina ne! Kurma ne na netwok!" Wani ya ture ni na faɗi a kan gwiwa. Daga ƙasa na hango shi ta tsakanin ƙafafu. Ya dunƙule, ya sa hannun daman a ƙirji ya rufe da na hagu, bai kare kansa ba, hannun yake karewa. Fuskarsa ba ta ganuwa don jini. Wani ƙato mai jar riga ya taka masa wuya, ya ɗaga bulo sama da hannu biyu.

Gudumata na gani a yashe kusa da jakarsa. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na kai wa mai jar rigar a kafaɗa, bulon ya suɓuce ta bayansa, ya durƙushe yana kururuwa. Wani ya riƙo ni ta baya, na kafa masa haƙora a hannu har na ji gishirin jininsa. Aka fizge mayafina, aka yi mini mari ta gefe, ɗan kunnena ya tsinke da naman. Na faɗa kan Auta na rufe shi da jikina. Duka ya koma bayana. Ina ji wani na cewa, "Da ita suke! Uwar ɓarayin ce!" Wani kuma can baya ya ce a je ɗakin janareto a ɗebo fetur.

Maganar fetur ɗin ce ta farkar da Tsolo. Ashe duk wannan abin yana tsaye a bakin lungu, baki buɗe. Ya zaci mari biyu za a yi wa Auta a bar shi, shi ya samu abin dariya. Sai ga shi ya shigo yana ɗaga katin aikinsa. "Ku tsaya! Ba ɓarawo ba ne! Abokin aikina ne, wallahi na san shi!" Wa zai ji? Bakin da ya kunna wuta ba shi ke kashe ta ba. Wani ya ce, "Kai ka ce ɓarawo ne, yanzu kuma ka ce ba shi ba? To kai ma da kai!" Aka sauke masa ƙafar kujera a goshi, ya zube kusa da mu.

Yaron da aka aika ya dawo da jarka. Na ji sanyin fetur a bayana, warinsa ya cika mini hanci. Ana ta tambayar wa ke da ashana. Mai sharar nan, Allah ya saka mata, ita ta watsa wa na gaban ruwan bokitinta, ta tsaya a kanmu da sandar mofa tana zaginsu da iyayensu. A daidai nan masu gadi suka iso da bulala da kulake. Ƙofarsu ba ta da nisa, tun farko suna jin ihun, sai da suka tara junansu tukuna. Suka hau dukan duk wanda suka samu. Kafin ka ce kwabo fili ya watse, sai takalma da littattafai da mu uku a kwance.

A asibiti aka ɗinke mini kunne, aka ɗinke wa Tsolo goshi. Auta haƙarƙari biyu sun karye, ido ɗaya ya rufe don kumburi. Hannun kuwa likita ya daɗe yana juya hoton ƙashin. Ya ce yatsu uku sun ragargaje, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma kada mu sa rai za su sake lanƙwasawa. Matar Auta ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Gadon Tsolo yana kusa da nasa. Ni na hana kowa kai masa ko ruwa daga kwanonmu. Da Auta ya farfaɗo sosai, ya juya kai ya gan shi. Na zaci zai yunƙura ya shaƙe shi, na ma matsa don in ba shi hanya. Sai na ji ya karanto adireshin zauren, lamba bayan lamba, da kumburarren baki.

Tsolo ya ce, "Na gani a hannun Yaya. Na riƙe."

"To ka saka."

"Zan saka." Sannan ya ce, "Kurma, wallahi ban zaci..."

Na ce, "Rufe mana baki, munafuki. Ka ƙara kalma ɗaya in farke ɗinkin nan da farcena."

Washegari aka sallami Tsolo, ya je ya saka. Aka yi jarrabawa. Yaran da suka nemi ashana suka zauna suka amsa tambayoyinsu, suka ɗauki jakunkunansu suka tafi gidajen iyayensu.

Da Auta ya iya tsayuwa aka kira mu gaban kwamiti. Mutane a jere bayan dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa, an ajiye fasasshen kwaɗon da gudumata a tsakiya. Shugaban ya ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce ɗaliban da suka yi dukan ba a iya tantance su ba, saboda yawa. Na ce, "Ni zan tantance muku. Mai jar riga yana nan da karyayyar kafaɗa, wani yana yawo da shaidar haƙorana." Ya ce waɗannan biyun su ne ma suka kawo ƙara, ni na ji musu rauni. Na ce a tambayi Tsolo wa ya fara kiran ɓarawo. Tsolo ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, amma bai ga fuska ba, bayan mutum kawai ya gani. Aka rubuta haka. Har aka yaba masa da ya shiga ceto.

Darakta ya ce shi bai taɓa sanin akwai rashin jituwa a sashensa ba. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah. Ba kai ka ja musu kunne ranar haƙori ba? Ba a gaban shagona ya ce maka matsalar daga can take ba?" Aka ce in zauna ko a fitar da ni. Na ce a fitar da ni ɗin. Masu gadi biyu suka kama ni, irin waɗanda suka yi nawa ranar fetur, yau kam da saurinsu.

Ina waje aka yanke hukunci. Auta ya fasa kayan makaranta, ya kashe netwok ba da izini ba, ya jawo tarzoma. Ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Ni kuma a kwashe injina na hoton takardu daga ƙarƙashin matakala. Ya fito ya same ni a baranda, hannu rataye a wuya. Na tambaye shi ko ya ce musu wani abu. Ya ce sun nemi makullai da kalmar sirri, ya ba su. Na ce, "Ka ba su? Bayan duk wannan?" Ya ce, "Yaya, me zan yi da su?"

Ban ce ba shi da laifi ba. Da ya taka gadar nan ya furta kalma biyu, da yanzu yana kan tsaninsa. Na gaya masa haka, kuma zan sake gaya masa. Amma a wace doka aka ce hukuncin taurin kai shi ne a zuba wa mutum fetur? Kuma waɗanda suka bar ma'aikata suna ɓoye wa juna aiki don tsoron kora, su wa ya kira su gaban tebur?

Yanzu injina yana zauren gidanmu, ina ɗan samun masu zuwa. Auta ke karɓar takardu yana jerawa, ni ina bugawa. An cire bandejin, yatsun sun tsaya a miƙe kamar itace. Ya je wurare biyu neman aiki, suka dubi hannun suka ce za su kira shi.

Rannan muna cin abincin rana, ya yi ta fama da cokali a hannun dama yana zubewa, sai ya mayar hagu. 'Yarsa, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, ta kama masa hannu ta ce, "Baba, ba kyau ci da hagu. Kai ka ce." Uwarta ta ɗaga hannu za ta make ta. Auta ya tare da gwiwar hannunsa, ya ce, "Kar ki taɓa ta." Ya mayar da cokalin dama, ya soke shi tsakanin babban yatsa da tafi, ya sunkuya har bakinsa ya kusa taɓa kwanon. Rabi ya zube, rabi ya shiga. Haka ya ci har ya gama, mu kuwa ba wanda ya sake kai hannu.